Ranar da Tanimu Ya Ga Harsashi Yana Tafiya

Alhaji Tanimu mai riɗi bai taɓa ganin wanda ya harbe shi ba. Yana dawowa ne daga wata kasuwar ƙauye a yammacin Gusau, yana zaune kusa da direba yana ɓare gyaɗa, sai ya ji kamar an maka masa taɓarya a bayan kafaɗa. Ƙarar ma sai daga baya ta zo. Direba ya taka mota iya ƙarfinsa har suka fita daga dajin, kuma Allah ya yi da sauran shan ruwa. Sai dai harsashin ya samu wuri kusa da lakar bayansa ya kwanta. Likitocin gida suka duba hoto suka ce gara a bar shi, taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Hannun hagu ya riƙa mutuwa a hankali, har ta kai ko zariyar wando sai an ɗaura masa.

'Yarsa Zara ce ta matsa ya zo Alƙahira. Tana karatun haɗa magunguna a jami'ar da ke Giza, tana zaune da mijinta a wani bene a unguwar Ainu Shams, inda idan ka leƙa ta taga ba ka ganin komai sai shanyar maƙwabta da wayoyin lantarki. Ita ta yi ta bin asibitoci da hotunan bayansa har aka haɗa ta da Daktora Afra, wata likitar tiyata da ta doshi shekara sittin, gajeruwa, mai ƙaramar murya. Da Tanimu ya fara jin mace ce za ta yanka shi, ya ɗan yi tsaki a ransa. Amma da ta ɗora yatsu biyu a bayansa tana laluben wurin, ya ji hannun ba ya rawa ko kaɗan, sai ya amince. Aka yi aiki, aka cire harsashin. Kafin wata ya zagayo yatsunsa sun fara motsi, yana iya riƙe carbi da hagu.

Jiki ya kama hanyar warkewa, zuciya ce ta ƙi. Wata ranar Alhamis da la'asar aka yi biki a layinsu, samari suka fara kunna wutar wasa irin mai fashewa a sama. Zara ta fito daga kicin ta tarar da mahaifinta kwance a ƙasa tsakanin kujera da bango, ya rufe kai da hannu, mutumin da a kasuwar Gusau ko gobara ta tashi shi ke tsayawa ya raba wa mutane aiki. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Amma ranar da suka koma ganin likita sai ta faɗa wa Daktora da Larabci, a gabansa, tana zaton bai gane ba.

Ya gane daga yadda suke dubansa. Ya ce wa Zara ta fassara, kuma kada ta rage komai. Ya ce shi ba ƙarar ce ke damunsa ba. Maciji ana ganinsa, ɓarawo ana ganinsa, ko mota ce ta taho kanka kana iya tsalle. Wannan abu kuwa daga babu ya fito. Yanzu duk inda ya ga fili, sai ya ji kamar filin cike yake da abin da ido ba ya kamawa.

Daktora ta ajiye biro ta dube shi.

“Ana ganinsa, ya Hajj,” ta ce. “Ni na sha ganinsa yana tafiya.”

Tanimu ya ɗauka Zara ce ta kuskure fassara, ya sa ta sake tambaya. Sai Daktora ta yi bayani. Mahaifinta ɗan wasan harbi ne, a hannunsa ta koya tun tana budurwa. Akwai wani kulob a sahara, can bayan Giza, inda suke ajiye bindigoginsu da izinin hukuma, kuma duk Asabar da safe tana can. In yana so ya zo ya gani, bismillah. In ba ya so, ma'alish, ba komai, ba magani ba ne ta rubuta masa.

Ya fita daga ofishin ransa a ɓace. A cikin mikrobas, 'yar motar haya, ya yi ta faɗa wa Zara cewa bai taɓa jin irin wannan ba, hannun da ke cire harsashi daga jikin mutane shi ne kuma yake wasa da harsashi. Asabar ta zo ta wuce, bai je ba. Wata ma ta wuce. Amma maganar ta ƙi barinsa. Yana alwala ta faɗo masa, yana cin abinci ta faɗo masa: na sha ganinsa yana tafiya. Daga ƙarshe ya ce wa Zara ta kira matar nan, zai je, ba don komai ba sai don ya tabbatar da cewa faɗa kawai take yi.

Daktora ta ɗauke su a motarta bayan sallar asuba. Suka bar benaye a baya, suka bar gonaki, ƙasa ta koma rairayi da tsakuwa har iyakar gani. A ƙofar kulob aka karɓi fasfo ɗinsu aka duba, wani ma'aikaci mai suna Husam, mai kula da filin harbi, ya yi musu jagora. Tanimu ya zaci fili za a kai shi kai tsaye. Sai aka shigar da su wani ɗan ɗaki mai tsabta kamar ɗakin tiyata, da tebur, da fitila mai haske, da sikeli ƙarami a cikin akwatin gilashi.

A nan Daktora ta ce ita ba ta harba harsashin kanti. Da hannunta take haɗa nata, domin na kanti, ko da daga kwali ɗaya suka fito, ba sa zama daidai da juna, kuma a nesa ɗan bambancin da ido ba ya gani sai ya zama kamu guda. Ta ɗauko kwanson tagulla siriri, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ta ɗora masa a tafin hannu. Sannan ta ɗora masa ƙwayar da ke fita, wadda ita ce ainihin mai tafiyar. Tanimu ya kusa yin dariya. Abin bai fi tsinin fensir ba, ƙwayar wake ma ta fi shi kauri. Ta ce manoma ne a wasu ƙasashe suka fi amfani da irinsa, don ƙananan dabbobi irin su gafiya da kurege masu haƙe musu gona, waɗanda ba sa bari a matso kusa. Ita kuwa ba ta taɓa kashe ko ƙadangare da shi ba. Ƙarfe take harbi.

Ya tsaya yana kallo tana aiki. Ta duba bakin kowane kwanso a ƙarƙashin fitila, ta ware wanda bai yi mata ba. Ta zuba albarushi a ɗan cokalin sikeli, ta rufe gilashin don kada numfashinsu ya motsa awo, sannan ta riƙa ƙara ƙwaya ɗaya-ɗaya da hantsaki har allurar ta tsaya inda take so. Albarushin ma ba gari ba ne yadda ya zata, 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, ƙanana fiye da riɗi. A nan ne jikinsa ya fara yin sanyi. Shekara talatin yana auna riɗi, ya san mudu da mudu ba sa zama ɗaya, ya san danshin damina yana ƙara wa buhu nauyi, ya san yadda ake tsince tsakuwa kafin a ɗora a kan sikelin masu fitarwa waje. Amma bai taɓa ganin wanda ya auna abu har ya kai ga ƙwaya ɗaya tana da hukunci ba. Ya matso da kujerarsa. Ya tambaya ko zafin rana yana canza albarushin, Daktora ta ɗago da sauri ta ce sosai ma, na hunturu daban yake tafiya da na bazara, shi ya sa take ajiye harsasanta a inuwa. Ta ji daɗin tambayar, ya ga alama a fuskarta.

Da ta gama ta jera su a akwati, suka fita fili.

Rumfa ce doguwa da teburan siminti, gabanta kuma babu komai sai sahara. Husam ya nuna masa inda abin harbin yake. Tanimu ya duba, ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba sai wani ɗan fari-fari a gindin tudu. Aka ce masa farantin ƙarfe ne da aka shafa wa farin fenti, bai fi murfin ƙaramar tukunya ba, kuma nisansa ya kai rabin kilomita. A hanya an kakkafa sanduna da ƙyallaye ja, suna kaɗawa kowanne da irin tasa rawar. Husam ya sa masa abin toshe kunne, irin mai danne ƙarar harbi amma ya bar magana ta wuce, ya zaunar da shi daidai bayan Daktora, gaban wani babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Da ya sa ido, farantin ya taso ya zo gabansa, yana rawa a cikin kawalwainiya kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Daktora ta kwantar da bindigar a kan jakunkunan rairayi, ta zauna, ta ɗora kumatu. Zara ta dafa kafaɗar mahaifinta. Ya ji tabon bayansa yana zafi.

Harbin farko bai ga komai ba, domin ya rufe ido. Jikinsa ya zabura har madubin ya goce. Ya buɗe ido ya tarar yana nan zaune a kan kujera, bai faɗi ba, kuma babu wanda ya dube shi. Husam ya gyara madubin kamar iska ce ta ture shi, ya ce wa Zara ta faɗa masa kada ya kalli farantin, ya kalli iskar da ke sama da shi kaɗan. Husam ya murɗa wani abu a jikin madubin, farantin ya ɗan dushe.

Harbi na biyu ya ƙifta. Na uku ya dafe gwiwarsa da hannu biyu, ya yi bismillah, ya hana idonsa rufuwa.

Sai ya gani.

Ba ƙwayar ya gani ba. Iskar ce ta tsage. Wani abu kamar sawun kifi a saman ruwan tafki, kamar zaren gilashi, ya fito daga ƙasan madubin ya haura sama, sama da farantin sosai, har ya ce a ransa ta kuskure. Sai zaren ya lanƙwasa, ya karkata hagu a hankali kamar wanda aka kira sunansa, ya gangaro, ya sauka a tsakiyar farin. Wani baƙin ɗigo ya bayyana a kan fenti, farantin ya yi lilo. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Aka yi shiru, shiru mai tsawo, har ya fara buɗe baki zai yi magana, sannan wata 'yar ƙara siririya ta iso daga can gindin tudu, kamar an ƙwanƙwasa cokali a kofin shayi.

Tanimu ya ɗago daga madubin ya dubi filin da idonsa. Babu komai, rairayi ne da ƙyallaye. Ya sake sa ido. Ɗigon yana nan.

“Subhanallah,” ya ce a hankali. “Zara, ashe ba a miƙe yake tafiya ba.”

Ta ce ita ba ta ga komai ba, Baba. Ya ce ta faɗa wa Daktora ta sake.

Ta sake, ya sake gani, wannan karon tun daga farkonsa. Ya tambaya me ya sa yake hawa sama, Daktora ta ce ba hawa yake da kansa ba, ita ce take ɗaga bakin bindigar, domin tun daga lokacin da ya fita ƙasa take jansa, kamar yadda take jan duk abin da aka jefa. Ya tuna yarintarsa a fadama, suna korar tsuntsaye daga shinkafa da gwafa, yadda yake ɗaga hannu sama da tsuntsun in yana nesa. Wato wannan abin da ya hana shi barci, shi ma ɗan'uwan tsakuwar gwafa ne. Karkatar kuma fa? Ta nuna masa ƙyallayen. Ta ce ba farantin take aunawa ba, wani wuri take aunawa a damansa inda babu komai, ta bar wa iska ta kai mata shi. Ƙwayar ba ta da nauyi, iskar da ba za ta ɗaga gefen mayafi ba tana iya kauce da ita.

Rana ta ɗaga, iska ta fara sauya hali. Ƙyallen kusa yana nuna gabas, na tsakiya ya kwanta, na can nesa yana kaɗawa wata fuskar. Daktora ta ɗora yatsa kusa da kunamar bindigar ta tsaya. Ta daɗe a haka, ba ta motsi, har Tanimu ya ga kamar ta daina numfashi. Da ta harba, ya ga zaren ya haura yadda ya saba, ya fara gangarowa daidai, sai a kusa da ƙarshe wani abu da babu wanda ya gani ya ture shi, ya wuce gefen farantin ya tayar da 'yar ƙura a jikin tudu. Babu ƙarar cokali.

Daktora ta ɗago tana dariya. Ta ce akwai wani kwari kafin tudun, iskar cikinsa ba ta taɓa gaya wa kowa abin da za ta yi ba. Shekara arba'in tana fama da kwarin nan.

Wannan kuskuren ya fi duk sauran harbin shiga ran Tanimu. Ya ga awon da aka yi a ɗaki, ƙwaya bayan ƙwaya. Ya ga hannun da ya ratsa kusa da lakarsa bai yi rawa ba. Duk da haka wata 'yar iska a wani kwari ta ce a'a, kuma a'a ɗin ta tabbata. Ya zauna yana kallon sararin da ke tsakaninsa da tudun, ya ga ashe ba fanko ba ne. Cike yake da koguna masu gudana, wani kan wani, kowanne da inda aka nufe shi, shi kuwa ya shekara hamsin da wani abu yana ratsa su bai sani ba.

Daga nan shi ya zama mai faɗa mata inda harsashi ya bi. In ta harba sai ya ce hagu kaɗan, ko ya ce ya yi ƙasa, Zara tana fassarawa, har ta gaji ta koya masa kalmomin Larabcin ya riƙa faɗa da kansa. Daktora tana cewa tamam, wato daidai, ya Hajj. Da harsasai suka kusa ƙarewa ta juyo ta tambaye shi ko zai gwada ɗaya, Husam zai tsaya a kansa. Ya dubi bindigar, ya daɗe yana dubanta. Ya ce ya gode, amma shi kallo ya zo yi, kuma ya gani. Ba ta matsa ba. Ta ce khalas, shi ke nan, ta harba sauran, shi kuma bai ɗaga ido daga madubin ba sai da na ƙarshe ya sauka.

A mota suna komawa yana ta kallon sahara har suka fara hango benaye. Sannan ya ce wa Zara, ba don ta fassara ba, wai yaran da suka harbe shi ko saiti ba su yi ba, ɓarin wuta kawai suka yi wa mota mai gudu. Wannan baiwar Allah ta auna, ta jira, ta lissafa, wani lokacin ta samu wani lokacin ta rasa. Nasu kuwa ya ratso duk iskokin dajin nan, ya huda ƙarfen mota, ya zo ya tsaya inda ya tsaya, bai ƙara ko faɗin farce ba. Ya ce shi yanzu bai san abin da zai ce ba sai alhamdulillahi. Zara ta ga yana share ido da gefen hula, ta juya tana kallon titi.

Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba. Har ya bar Alƙahira, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai kafaɗarsa ta ɗaga. Amma ya daina kwanciya a ƙasa, kuma ya fara fita shi kaɗai, ya hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya je kasuwar Ataba ya yi ta yawo cikin masu kaya yana tambayar yadda suke sayar da riɗinsu.

Da ya koma Gusau, mutane suka yi ta zuwa barka. A majalisar ƙofar gidansa ya ba da labarin, ya zana lanƙwasar a ƙasa da tsinke. Wasu suka yi murmushi, wani ya ce allurar barcin Misira ce ba ta gama sakin Alhaji ba. Bai yi musu da kowa ba. Da aka kira magariba aka watse, sai wani tsoho ya tsaya, Sagiru maharbi, wanda ya tsufa yana ɗura wa bindigarsa adaka albarushi da hannu. Ya tsuguna kusa da zanen ya daɗe yana dubawa.

“Alhaji,” ya ce, “rana tana bayanku ne ko tana gabanku?”

Tanimu ya yi tunani, ya ce tana bayansu, ta ɗan karkata dama. Sagiru ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma sau ɗaya, yana saurayi, yana tsaye bayan mahaifinsa a bakin wani tafki da sassafe, rana tana bayansu, mahaifin ya yi harbi, sai ya ga kamar wani abu ya ja layi a iska. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya ɗauka idonsa ne. Tanimu ya sa aka kawo musu buta, suka yi alwala, suka nufi masallaci tare, tsohon yana ta tambayarsa yadda sikelin nan yake.